Abin da Na Koya a Bayan Kantar Abin Sha

Sana'ata haɗa abin sha ce, a kantar otal da wuraren biki. Samari da yawa na tambayata yadda ake shiga aikin, kuma galibinsu bidiyo suka gani a waya, wani na wurga kwalba sama yana cafewa, suka ɗauka shi ke nan sana'ar. Wurga kwalba wasa ne mai zaman kansa, ba shi ke riƙe mutum a wurin aiki ba. Awo da tsabta su ke riƙe shi. Abin da ka ba Hajiya ranar Litinin shi za ta tarar in ta dawo ranar Juma'a, zaƙi bai ƙaru ba, tsami bai ragu ba, kuma cikinta bai ɓaci ba.

Bari in fara da tambayar da ake fara yi a gida. Ni Musulmi ne, ba na zuba giya, ba na miƙa ta. Ɓangarena shi ne na abin sha marar barasa, wanda ake rubutawa moktel a takardar otal. Kasuwarsa ta buɗe a Abuja da Kano da Kaduna, don yanzu da wuya a yi dina ko kamu na masu hali ba a kafa irin wannan kanta a gefe ba, balle lokacin buɗa-baki da azumi. Wanda zai nemi aiki a otal ya tambaya tun ranar farko: kantar ɗaya ce ko biyu? In ɗaya ce, ya sani duk abin da baƙo ya nema shi zai zuba, ba wanda zai ware masa. Gara ya san haka kafin ya sa hannu a takarda.

Ba wanda ke farawa da haɗawa. Yaron kanta ake fara zama, mai wanke tambulan, ɗauko ƙanƙara, yanka lemo, cika firji da goge ƙasa. Masu gaggawa a nan suke gudu, alhali rabin ilimin a nan yake. Wankin tambulan kaɗai darasi ne. Ruwa uku ake yi: mai zafi da sabulu, na ɗauraya, sai na ƙarshe mai maganin kashe ƙwayoyin cuta. A kife su a kan raga su tsane da kansu, kada a kife a kan tire mai santsi, don iska ba ta shiga sai su yi wari. Jan baki yakan maƙale a leɓen kofi ko bayan wanki, saboda haka sai an ɗaga kowanne an duba a haske. Ana riƙe tambulan ta gindi, yatsa ba ya zuwa inda bakin mutum zai taɓa. In ka zuba lemon kwalba ka ga ƙananan kumfa sun manne a jikin gilashin daga ciki, to maiƙo ko sabulu ya rage, kuma gas ɗin zai mutu da wuri. Tsumman goge gilashi daban, na goge kanta daban, na hannu daban. Tsumma guda mai ƙarni ya isa ya ɓata kofi ɗari.

Sai ƙanƙara, wadda a wurina ita ce babbar matsalar wannan aiki a ƙasarmu. Ƙanƙara abinci ce, tunda narkewa take yi a sha ta. Bulo ɗin da ake saye a kasuwa ana jan sa a buhu, na sanyaya kwalabe ne a cikin kula, ba ya shiga kofin kowa, don ba ka san ruwan da aka yi shi da shi ba. Wadda za a sha daga tataccen ruwa ake yin ta, a ajiye ta a kula ta dabam mai murfi. Da cokalin ƙarfe ko na roba ake ɗiba, kuma cokalin ba ya kwana a cikinta. Ba a taɓa ɗiba da tambulan. Leɓen gilashi yakan ɓantare, ɓarɓashinsa kuma ba a bambanta shi da ƙanƙara da ido. In gilashi ya fashe kusa da akwatin ƙanƙara, ba a tsince-tsince. Nan take ake kwarara jan sirof, wato ruwan suga mai kala, a kai don kowa ya ga an hana, a narkar da ita duka da ruwan zafi, a goge akwatin, a sake sabuwa, ko da baƙi hamsin na jira.

Akwai kuma bambancin busasshiyar ƙanƙara da jiƙaƙƙiya. Wadda ta fito daga firiza tana manne wa yatsa, ita ce ta aiki. Wadda ta zauna cikin ruwanta saboda an ɗauke wuta, jikinta duk ruwa ne, da ka sa ta a kofi ta tsinka abin sha kafin ta sanyaya shi. Shi ya sa akwatin ƙanƙara na ƙwarai yake da hudar da ruwa ke tsiyayewa ta ƙasa. Wani abin da sabo ba ya yarda da shi sai ya gani: kofin da aka cika da ƙanƙara har baki ya fi daɗewa bai salamce ba a kan mai ƙwaya uku. Ƙwaya uku ba sa iya sanyaya abin, sai su narke duka. Baƙo zai ce maka, "Malam, ka cika mini ƙanƙara don ka rage lemo." Sai ka yi masa bayani cikin ladabi cewa awon lemonsa bai ragu ba, in ya nace ka yi masa yadda yake so.

Kayan aikin ba su da yawa. Jiga, wato ɗan ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, wani mil 25 da 50, wani 30 da 60. Ka san wanda ke hannunka, don wanda ya ɗauki lissafin mai 30 ya auna da mai 25 duk daren zai tafi a karkace. Ana cika jiga har baki, a riƙe ta a miƙe dab da kofi. Sai gwangwanayen girgizawa guda biyu, babba da ƙarami, da mataci mai waya a nannaɗe wanda ke tare ƙanƙara, da ƙaramar rariya mai laushi don ɓarɓashi, da dogon cokali wanda ke ɗaukar kimanin mil 5, da ɗan muciyar dannan ganye, da wuƙa mai kaifi, da abin matse lemo. Ni na ƙara sikeli, kuma shi na fi ba muhimmanci.

Dalilin sikeli shi ne ruwan suga. Suga ba ya narkewa a abu mai sanyi, sai ya kwanta a gindin kofi, don haka narkar da shi ake yi tun da rana. Kilo 1 na suga a lita 1 na ruwa yana ba da wajen lita 1.6 na sirof. Ruwa mai ɗumi ya isa, a juya har ya washe. Ba a barin sa yana tafasa, don ruwan zai ƙone, zaƙin ya ƙaru ba ka sani ba, gobe abin shanka ya fi na yau zaƙi. A kwalba mai tsabta a cikin firji yakan kai wata guda. Mai kauri, suga kilo 2 a ruwa lita 1, ya fi daɗewa, amma sai a rage yawan da ake zubawa. Kowace kwalba a manna mata takarda da suna da kwanan wata, tsohuwa a gaba, sabuwa a baya. Da ka ga sirof ya yi gajimare ko wani zare-zare na yawo a ciki, zubarwa ake yi.

Lemun tsami kuwa ba ya jira. A ranar ake matse shi, a tace, a sa a sanyi, abin da ya kwana ya tafi wanke katako. Yana fara ɗaci da wani ƙamshi irin na ƙarfe in ya daɗe, lemun zaƙi ma ya fi shi saurin juyawa. A murza shi a kan katako kafin a yanka, kuma kada a matse har ƙarshen ƙarfi, don farin ɓawon ciki ɗaci ne. Ƙananan namu na kasuwa sai ka matse biyu, da rani har uku, kafin ka cika mil 25, kuma tsaminsu na sauyawa daga buhu zuwa buhu. Saboda haka kullum kafin a buɗe kanta sai an haɗa kofi ɗaya na gwaji an ɗanɗana. Ana ɗanɗanawa da cokali mai tsabta, a jefa shi wanki.

Ginshiƙin haɗi uku ne: jiki, tsami, zaƙi. Awon da nake ɗora sabon yaro a kai shi ne mil 60 na jikin abin, ko ruwan abarba ne ko zoɓo ko kankana, mil 25 na lemun tsami, mil 20 na ruwan suga. Daga nan ake gyarawa. Abarba ta nuna sosai, a rage suga. Tsamiya ce jikin, a rage lemun tsami ko a cire shi. Abin da ya sa ɓangarenmu ya fi wuya shi ne barasa tana ba abin sha nauyi da ɗan zafi a maƙogwaro, mu kuma ba mu da ita, shi ya sa moktel ɗin wanda bai iya ba yake zama ruwan alewa kawai. Dole a nemo nauyin a wani wuri. Citta na ba da zafi. Baƙin shayi mai ƙarfi da aka bari ya huce yana ba da ɗan bauri mai kama harshe. Ruwan tonik, wani lemon kwalba mai gas, na ba da ɗaci. Gishiri kuma, giram 20 a ruwa giram 80, ɗigo biyu ko uku a kofi, yana fito da ɗanɗanon 'ya'yan itace ba tare da an ji shi ba. Wannan ɗigon gishirin shi ne abin da baƙi ke ji su ce na wurin nan daban ne, ba su san dalili ba.

Girgizawa tana da ƙa'ida. A ƙaramin gwangwani ake zuba kaya, a fara da mafi araha, don in hannu ya kuskure a zubar da suga, ba ruwan 'ya'yan itace mai tsada ba. Ƙanƙara ce ƙarshe. A kifa ɗaya a kan ɗaya a ɗan karkace, a buga da tafin hannu, a ɗaga da hannu biyu, bakin haɗin yana fuskantar ka, don in ya buɗe kai zai wanke, ba farar shaddar baƙo ba. Sakan 10 zuwa 12 da ƙarfi, har jikin ƙarfen ya yi raɓa ya kama hannu. A wannan ɗan lokacin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zai shiga kofi ruwan ƙanƙara ne, kuma da shi aka yi lissafin. Na marar barasa nakan tsaya a sakan 8, don ya fi saurin salamcewa. Sanyi yana sa gwangwanayen su kama juna gam. Ba a buga su a gefen kanta, dunduniyar hannu ake sa wa a daidai inda ratar ta fara buɗewa. Abu biyu ba sa shiga gwangwani har abada: mai gas da mai zafi. Dukansu turo murfin suke yi su fashe a fuska. Mai gas a kofi ake zuba shi, a ƙarshe, mai sanyi ƙarara, a karkata kofin, a ɗaga sau ɗaya da dogon cokali daga ƙasa. Lemon kwalba mai ɗumi kumfa kawai yake yi ya mutu.

Na'a-na'a ma a nan ake gane hannu. Alhazai sun san lemun tsami da na'a-na'a na Makka da Madina, suna dawowa suna nema. Ganye 8 zuwa 10, a danna su a hankali cikin ruwan suga sau uku ko huɗu. Ƙamshin a fatar ganyen yake. Wanda ya daka shi ya yi laga-laga, ɗacin ɗanyen ganye ya fitar, ga ɓarɓashi a haƙoran baƙo. Reshen da za a soka a sama a ɗan tafa shi a tafin hannu tukuna.

Yanzu Chapman, wanda shi aka fi nema a Najeriya, kuma a kansa nake so kowane mai koyo ya tsaya. A Legas aka san shi tun farko: Fanta da Sprite, jan sirof na girenadin, lemun tsami, yankan kokwamba da lemun zaƙi, a babban kofi mai hannu cike da ƙanƙara. Amma asalin haɗin yana da ɗigon Angostura, wani ruwa mai ɗaci a ƙaramar kwalbar nan mai takarda da ta fi ta tsawo. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, ya haɗa shi a 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela a matsayin maganin ciki, yanzu a Tirinidad ake yin sa. Barasar da ke cikinsa kashi 44.7 cikin ɗari ce, ta fi ta yawancin wuski, wadda ke tsayawa a 40. Gaskiya ne ɗigon bai kai mil 1 ba a kofi guda. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba. Abin da yake nawa shi ne mutumin da ya ce a ba shi marar giya yana da haƙƙin ya san abin da ke kofinsa, kuma dubban mutane sun sha Chapman a biki ba wanda ya gaya musu. Wannan yana damuna ƙwarai, don amana ce aka ba mai kanta. Ni ba na ajiye kwalbar ma.

Ba Angostura kaɗai ba. Ruwan banila na kek yawanci da barasa ake jiƙa shi. Shuɗin nan da ake yi wa abin shan yara ado da shi iri biyu ne a kasuwa, akwai sirof zalla, akwai giya, kwalaben kuma sun yi kama. Abin da aka rubuta wa marar barasa a wasu ƙasashe yana iya ɗaukar har kashi 0.5, wanda aka rubuta wa 0.0 shi ne daban. Karanta bayan kwalba aiki ne na kullum. A otal mai kanta biyu kuma, jiga da gwangwani da cokalin ɓangarenmu ba sa tsallakawa ɗaya gefen, ko aro.

Madadin ɗacin da nake yi, daga kasuwar kayan yaji yake fitowa. Ɓawon lemun zaƙi biyu da aka fere ba farin, kanumfari 10, kimba 3 da aka fasa, namijin goro 1 da aka goga, a ruwa rabin lita, wuta ƙasa-ƙasa minti 10. A sauke, a jefa ganyen baƙin shayi cokali biyu na minti 4, a tace da kyalle. Mil 5 zuwa 10 a kofi ya isa. Tunda ba barasar da za ta tsare shi, kwana uku zuwa huɗu yake yi a firji, don haka kaɗan-kaɗan ake dafawa. Kimba in ta yi yawa hayaƙinta na danne komai.

A nan ne na ga arzikin da muke da shi muke raina shi. Otal zai sayi sirof ɗin kwalba daga waje da tsada, alhali zoɓon da ake lodawa daga Jigawa zuwa Meziko yana bayan gida. Shi ne bisap a Senegal, karkade a Sudan da Masar, sobolo a Gana. Na kanta mai kauri ake yi: giram 100 na busasshe a lita 1. A ɗauraye shi da sauri da ruwan sanyi saboda yashi, a zuba masa tafasasshen ruwa, a rufe minti 15 zuwa 20, a tace. Dogon tafasa yana kashe launin ya kawo bauri. Ba a dafa shi a tukunyar dalma, tsaminsa na cin ƙarfen ya ɓata ɗanɗano, sai tukunyar ƙarfe marar tsatsa. Kanwa tana kashe tsamin amma tana mayar da jan ya koma baƙi-baƙi, lemun tsami kuwa ƙara masa haske yake yi. In ka narkar da suga daidai nauyinsa a ciki, ka sami jan sirof da ya fi girenadin ɗin kwalba, wanda galibinsa suga ne da kala.

Citta ɗanya, irin ta Kachiya, a markaɗa a matse, a bar ruwan ya zauna farin garin ya kwanta, a tsiyaye na sama, a haɗa da suga daidai nauyinsa ba tare da wuta ba. Dafawa na rage kaifin. Tun cutar da ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023 tsadarta ta sa wasu suka koma garin citta, amma gari laka yake yi a kofi. Tsamiya a jiƙa ta a ruwan ɗumi, a murje, a tace sau biyu. Garin ƙwallon kuka, na kwalba da nono, yana ba da tsami mai laushi da kauri, ya dace da mangwaro.

Kunun aya shi ne mai wuyar sha'ani. Baƙi na son sa, da dabino da kwakwa, amma a zafin Afrilu 'yan sa'o'i kaɗan a waje sun isa ya fara tsami, robar ta kumbura. Daga markaɗe sai cikin ƙanƙara, kuma na ranar ne kawai. Firji ya zauna a digiri 5 ko ƙasa, a sa ma'aunin zafi a ciki, kada a dogara da taɓawa da hannu. In wuta ta daɗe babu kuma janareta bai tashi ba, duk mai madara da aya zubarwa ake yi, ko oga zai yi faɗa. Madara kuma ba ta shiri da abu uku: lemun tsami na tsinka ta nan take, ɗanyar citta na daskarar da ita in da ɗumi, ɗanyar abarba kuma in suka zauna tare sai ɗaci ya fito. Shi ya sa haɗin abarba da madara a take ake yin sa a miƙa, ba a ajiyewa a jug.

Aikin biki lissafi ne tun kafin ranar. A ce baƙi 200, kowa kofi biyu, kofi 400 ke nan. In kowane Chapman zai ci mil 160 na lemon kwalba da mil 40 na haɗin gindi, wato jan sirof 20, lemun tsami 10, ɗaci 10, to kana bukatar lita 64 na lemo, robar rabin lita 128, da lita 16 na haɗin gindi. Lemun tsami lita 4, ƙananan namu sama da 300. Ƙanƙarar sha, giram 200 a kofi, kilo 80, ban da ta sanyaya kwalabe. Ka ƙara kashi goma a kan komai, don bikinmu ba ya tsayawa a yawan katin gayyata. Haɗin gindi ake yi tun da safe a jarka mai tsabta, lemon kwalba kuwa sai an zo zubawa ake buɗe shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a juye komai a babbar roba tun la'asar, kafin amarya ta shigo gas ya tafi, kokwamba ta yi laushi. In kuma abin girgizawa ne ka haɗa da yawa ba za ka girgiza ɗaya-ɗaya ba, ka tuna ka zuba masa ruwan da ƙanƙara za ta ba shi, wajen kashi 20 cikin ɗari, in ba haka ba zai yi kauri ya ƙone maƙogwaro. In oda ta taru, a jera kofuna, a fara da masu jure jira, mai gas da na bilenda su zo ƙarshe.

Kuɗi ma awo ne. Ƙa'idar da aka saba ita ce kayan da ke cikin kofi kada su wuce kashi 20 zuwa 25 na farashinsa. In kayan sun ci naira 500, har da ƙanƙara da yankan lemon ado, to ba a sayarwa ƙasa da 2,000, don ragowar ne ke biyan haya da dizal da albashi da gilashin da ya fashe. Mil 5 da hannu ke ƙarawa don burge baƙo, a kofi 200 lita guda ce. Ana ƙirga kaya a buɗewa da rufewa, abin da ya zube ko ya lalace a rubuta shi a littafi a lokacin. Wanda bai rubuta ba, ranar ƙirga shi za a kira ɓarawo ko bai ɗauki komai ba.

Mu'amala da baƙi ba ta da wani sirri. Ka ɗaga kai ka yi sannu da zuwa ko hannunka na cikin aiki, mutum in ya san an gan shi yana iya jira. Wanda ya ce "ba ni mai daɗi", tambaya biyu ta isa: "Ranka ya daɗe, mai tsami ko mai zaƙi? Da gas ko babu?" Dattijo in ya ce yana da suga, kada ka ce masa ai ruwan 'ya'yan itace ne, shi ma suga ne, ka yi masa soda da lemun tsami da na'a-na'a. Ka tambaya kafin ka sa gyaɗa ko madara ko farin ƙwai, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓa. Sannan ido a kan kofuna. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba a daina zuba shi a lemo ba, kuma za a zo maka da 'yar kwalba a ce ka ɗan haɗa. Ba a haɗawa, a sanar da manaja. Kofin da budurwa ta bari ta tashi, in ka ga hannun wani ya kusance shi, ka ɗauke ka sake mata sabo, ba sai ka nemi izinin kowa ba.

Jiki yana biyan nasa. Tsayuwar awa takwas zuwa goma ce a ƙasa mai jiƙa, don haka takalmi rufaffe marar santsi ya fi riga mai kyau muhimmanci. Lemun tsami yana cin gefen farce, kuma in ya bushe a fata rana ta buga shi yana ƙonawa har ya yi tabo, abin da masu aikin biki a fili ya kamata su sani. A wanke hannu bayan matsa. Wuƙa dakusasshiya ta fi yanka mutum, don zamewa take yi a ɓawo.

Game da makaranta, cibiyar NIHOTOUR ta gwamnatin tarayya tana koyar da aikin otal, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna na da sashen wannan fanni. Takarda na taimakawa wajen shiga babban otal, haka ma gwajin lafiyar masu taɓa abinci da za a nema, da Turancin da zai isa a karɓi oda. Wanda zai ɗura a roba ya sayar a shaguna kuma sai da rajistar NAFDAC. Amma hannu a kanta ake samun sa, ƙarƙashin wanda ya iya.

Wanda bai sami wuri ba tukuna yana iya farawa a gida da jiga da sikeli da kofuna biyar. Ya zuba mil 25 na lemun tsami da mil 100 na ruwan sanyi a kowanne, sannan ruwan suga mil 10, 15, 20, 25 da 30. Ya sa ƙaninsa ya sauya musu wuri, ya ɗanɗana, ya jera su daga mai tsami zuwa mai zaƙi. In ya iya wannan, ya rage ratar zuwa mil 2 tsakanin kofi da kofi, sannan ya sake gwadawa da zoɓo a madadin ruwa.